Kallamu Ba Shi da Gona

Shekara bakwai bango ɗaya ne tsakanina da Kallamu, a hawa na shida na wani tsohon bene a unguwar Xiaobei. Na ce bango ne don kar a ce na raina gidan mutane, amma katako ne aka shafa wa farin fenti. In ya yi atishawa a ɗakinsa, daga kan katifata nake yi masa addu'a. Don haka duk wanda ya ce ya fi ni sanin mutumin nan a Guangzhou, ya zo mu zauna.

Ni ne Babayo mai ɗaurin kaya. Wanda ya taɓa loda kwantena ta tashar jiragen ruwa ta Huangpu zuwa Legas ko Kwatano, in bai san ni ba ya san ƙullina. Ni Bafulatani ne, shi Babarbare, kun ga tun kafin a haife mu aka ba ni izinin tsokanarsa. Ranar da ya tare na leƙa, na ga zanen fuskarsa, na ce, "Alhamdu lillahi, har ƙasar Sin Allah ya aiko min da bawana."

Bai ko juyo ba ya ce, "Ɗan Fillo, wa ka bar wa shanun?"

Na buɗe baki zan rama sai na tsaya. Mutumin dogo ne siriri, wuya kamar na tulu, amma muryar da ta fito daga cikinsa na san ta tun ina yaro a rugarmu. Na ce, "Sake faɗa." Ya sake. Na ce, "Kai ne Baba Zailani?"

Ya ce, "Baba Zailani ya rasu. Ka taimaka min da akwatin nan."

Yaran yanzu ba su san shi ba, bari in gaya musu. A da akwai wani wasan kwaikwayo na rediyo da ake sawa duk Alhamis bayan la'asar, labarin wani tsoho mai awon hatsi a kasuwa. Duniya ta yi ta juya shi, a cuce shi, a kai shi ƙara, amma bai taɓa tauye mudu ba. Shi ne Baba Zailani. Mu a ruga mun ɗauka tsoho ne tukuf mai furfura. Ashe wani ɗan Nguru ne da ya zo Kano karatu, shekararsa ashirin da shida, ko gemu bai gama haɗawa ba. Ya ce wasiƙa ya kai gidan rediyon, ya yi sallama a bakin ƙofa, mai shirya wasan ya fito da gudu yana tambayar ina dattijon da ya yi magana.

Shekara takwas yana awo a rediyo. Da masu ɗaukar nauyin shirin suka janye, sai aka rubuta cewa Baba Zailani ya kwanta ciwo ya cika. Washegari mutane suka cika ƙofar gidan rediyon, sun zo ta'aziyya. Wata tsohuwa daga Wudil ta zo da ƙwaryar gero ta sadaka. Kallamu yana tsaye a gefen ƙofa, ana wucewa ta gabansa ana yi masa sannu da haƙuri, an ɗauka ɗan marigayin ne. Ya ja wani dattijo gefe ya ce, "Baba, ni ne fa, ban mutu ba." Dattijon ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Yaro, ba a wasa da mutuwa."

Na tambaye shi ina geron. Ya ce sun yi kunu da shi.

Daga nan ya koma talabijin, can ne jikinsa ya ci amanarsa. Duk darektan da ya ji shi a waya sai ya ce ya zo a ba shi mai gida, in ya gan shi sai a miƙa masa hular mai gadi. Shekara tara yana buɗe get yana rufewa. Ya ce akwai wasan da ya fito sau arba'in, abin da ya faɗa duka bai wuce "Sannu da zuwa, ranka ya daɗe" ba. Kafin fuskarsa ta tsufa ta kamo muryarsa, wasan rediyo ya ja baya, kowa ya koma kan waya.

Wani kamfani mai juya finafinan Sin zuwa Hausa ne ya kawo shi ƙasar nan. Shekara biyu yana rufe a ɗaki da abu a kunne, yana ara wa sarakuna da janarori murya. Da aikin ya ƙare bai koma ba, don ya bar matarsa Fasuma da 'ya'ya mata uku a Kurna, kuma ya san babu abin da ke jiransa a can sai hular mai gadi. Ya gangaro Guangzhou. A nan Lauban Feng ya tsince shi. Lauban shi ne mai gida a bakin mutanen nan, kuma wannan yana da masana'antar injin ban ruwa na sola can wajen Panyu.

Aikin Kallamu shi ne ya zama Alhaji. Da safe zai fita da 'yar shat ɗinsa da jakar leda, ya hau jirgin ƙasa. A can akwai babbar riga ta shadda a rataye, da hula zanna, da zobe, da agogon da ba ya tafiya. Duk na kamfani ne, ba a zuwa da su gida. Sai a sa shi a bayan wata baƙar mota, a buɗe masa ƙofa, ya fito yana gyara riga, ya dafa inji ya dubi kyamara ya ce, "Jama'a, shekarata goma ina ban ruwa da wannan inji a gonata, bai taɓa ba ni kunya ba." Sai a kunna, ruwa ya yi tsalle sama kamar an fasa madatsa.

Na taɓa raka shi sau ɗaya. Na zagaya bayan allon da aka zana gonar shinkafa a jiki, ina neman inda zan kama ruwa, sai na ga tiyo mai kauri ya taho daga babban famfon masana'anta ya shige ƙarƙashin injin. Wani ma'aikaci yana tsugune a wurin, in an ɗaga masa hannu ya murɗa.

A jirgi muna dawowa na ce, "Alhaji, ashe gonarka a jikin katako take. Ina ake girbi?"

Ya ce, "Wasa ne, Babayo. Da ma can ni ba mai awo ba ne."

"To me ya sa ba ka zuwa gida?"

Ya juya yana kallon taga har muka sauka. Amma na san amsar, bangon ya gaya min. Zuwansa na ƙarshe, shekara uku ke nan, bai samu ya sha ruwa ba. Dangi sun ga mota da zobe a waya, kowa ya zo da buƙatarsa. Waɗanda suka sayi injin kuma suka fara sallama a ƙofar gida, ba da faɗa ba, cikin ladabi, suna tambaya ko akwai wata dabara da Alhaji yake yi wa nasa, don nasu in rana ta yi zafi sai ya ɗauki ƙara ya tsaya. Kwana tara ya yi ya gudo. Tun daga nan sai dai waya. Ina jin Fasuma tana cewa, "Malam, auta ta fara mance kamanninka," shi kuma yana cewa bayan sallah, in Allah ya yarda. Sallah shida na ƙirga.

Nan ɗin ma ba sakewa ya yi ba. Wanda bai zauna a garin nan ba bai san mece ce takardar zama ba. Ita ce ɗakinka, ita ce layin wayarka, ita ce ƙafarka. A bakin tasha za a iya tsayar da kai a ce kawo, mai gidan haya ma sai ya gani. Mun san waɗanda tasu ta mutu, suna can ƙauyukan bayan gari a kulle, ba sa fita sai dole, ko Juma'a ba sa zuwa. Takardar Kallamu kuwa a hannun Lauban take. Duk shekara sai ya buga mata hatimin kamfani kafin a sabunta. In wata biyu ya rage, sai ka ji maƙwabcina ya daina tari da ƙarfi.

Abu ɗaya ya riƙe bai saki ba. Lauban ya daɗe yana ciniki da mutanenmu, ya lura akwai wata kalma da in an faɗe ta ake daina ja-in-ja a miƙa hannu. Ya sa aka rubuta ta a takardar da Kallamu zai karanta. Kallamu ya ce ba zai ce wallahi ba. Zai ce tabbas, zai ce babu shakka, zai dafa ƙirji, amma ban da wannan. Duk shekara sai Lauban ya sake gwadawa, duk shekara sai ya ce meyo, wato babu.

Na ce, "Kai dai Barebari akwai wayo. Ka yi ƙarya da riga, ka yi da mota, ka yi da gona, sai kalma ɗaya ka ajiye wa Allah?"

Ya ce, "In ban sa sunansa ba, wasa nake yi. In na sa, shaida na bayar."

"Manomin da ke kallo ya san da wannan bambancin?"

Ya ce in tashi in ba shi wuri, warin nono nake yi.

Bara, wajen ƙarshen damina, wani abokin aikina a Kano ya haɗa ni da baƙo. Malam Ilu, shugaban wata ƙungiyar manoman rani daga wajen Kura. Mutum arba'in da ɗaya suka haɗa ƙarfi suka turo shi, don fetur ya gagare su, suna son komawa sola kafin a dasa tumatir. Bai taɓa hawa jirgin sama ba sai ranar. Na ɗauko shi, na kai shi masauki, na sa aka kawo masa tuwo daga wurin wata 'yar Maraɗi da ke dafawa a benenmu. Ko hannu bai wanke ba ya ciro waya ya nuna min maƙwabcina yana fitowa daga mota.

"Ka san wannan bawan Allah?"

Na ce na taɓa ganinsa.

"Baba Zailani ne. Ina jin muryar na ce wa jama'a an gama, ba sai mun yi ta bincike ba." Ya ga yadda nake kallonsa, sai ya yi dariya. "Na san wasa ne, Malam Babayo, ni ba yaro ba ne. Amma mutumin da ya yi shekara takwas yana cika mudu, ko da wasa ne, hannunsa ya saba."

Na ga tiyon nan da idona. Amma ɗaurin kayan ni za a ba, kuma wanda zan tona maƙwabcina ne. Na ce ya ci tuwo kar ya huce.

Bayan la'asar na buga bangon sau uku, yadda muka saba. Kallamu ya shigo yana goge tabarau. Na gaya masa komai, har maganar mudu. Ya zauna a kan wani kwali, ya daɗe yana kallon tagar da ba ta kallon komai sai bangon wani benen.

Ya ce, "Saura kwana goma sha tara takardata."

Na ce na sani.

"Lauban ya ce gobe in zo in zauna da wani babban baƙo daga Najeriya, in yi tafinta. Ashe shi ne."

"To ka ce ba ka da lafiya. Ai ka iya, har mutuwa ka taɓa yi."

Bai yi dariya ba. Ya ce in bai je ba za a kira wani ya yi tafinta, kuma bidiyon ya riga ya gama aikinsa. Ya tashi, har ya kai ƙofa ya juyo ya ce, "Kai me ya hana ka gaya masa?"

Na ce, "Ba muryata ya biyo ba."

Da safe muka tafi da Malam Ilu. Lauban ya tarbe mu da fara'a, ya zaunar da mu a teburin shayinsa, yana zuba mana a 'yan kofunan nan da ba su kai murfin kwalba ba. Can sai ga Kallamu ya shigo cikin shaddar kamfani, zobe yana walƙiya. Malam Ilu ya miƙe tsaye, ya cire takalmi, ya kama hannunsa da hannu biyu. Zai girme shi da shekara biyar ko fi, amma Baba yake ce masa.

"Baba, mahaifina har ya rasu in zai yi mana faɗa sai ya ce ku yi koyi da mai awo."

Kallamu ya ce Allah ya ji ƙansa. Muryar nan ta cika ɗakin, ni kaina sai da na ji kamar ina zaune gindin rediyo.

Aka zaga da mu, aka kunna inji a gaban allon gonar, ruwa ya yi sama. Malam Ilu ya tara hannu ya shafa a fuska. Muka dawo tebur, Lauban ya turo takarda da biro. Malam Ilu ya ɗauki biron, ya juya shi, sai ya ajiye.

"Baba, ni ba na jin Turanci, ba na jin yarensu, wannan takarda ko an juya ta ƙasa ba zan gane ba. Mutum arba'in da ɗaya ne a bayana, wasu sun sayar da awakin matansu. Ba don ban yarda da kai ba, sai don in na koma in ce musu na ji da kunnena. Ka ce min wallahi haka yake yi a gonarka, in sa hannu."

Lauban ya tsinci kalmar da ya sani. Ya washe baki, ya dubi Kallamu yana ɗaga kai, yana cewa, "Walahi, walahi."

Na taɓa ganin an tare mutum a tasha an ce ya kawo takarda alhali ba shi da ita. Haka fuskar Kallamu ta koma. Ya ɗauki ɗan kofin ya kai baki, babu komai a ciki. Lauban ya yi sauri ya cika masa. Ya shanye. Ya murza zoben, ya dubi agogon da ba ya tafiya. A ɗakin nan shi kaɗai ke jin kowa, da ya ga dama zai gaya wa wannan abu ɗaya ya gaya wa wancan wani, a tashi lafiya. Ni dai na sunkuyar da kai ina ƙirga tayil.

Sai na ji ya yi magana, amma ba da muryar Baba Zailani ba. Da wata 'yar siririyar murya ce, wadda nake ji ta bango in yana waya da Fasuma.

"Malam Ilu, ni ba ni da gona."

Malam Ilu ya ce, "Na'am?"

"Ban taɓa yin gona ba. Ɗaki ɗaya gare ni, kusa da na wannan Bafulatanin. Rigar nan ma in za ni gida a nan nake cire ta."

Malam Ilu ya dubi rigar, ya dubi injin da ke bakin ƙofa, ya dube ni. Ni ne ya fi daɗewa yana kallo, kuma har yau ina jin wannan kallon. Sannan ya tura biron gaban Lauban a hankali, ya sa takalminsa ya ce, "Ka ce masa na gode da shayi. Zan je in yi shawara."

Kallamu ya fassara daidai, bai ƙara ba bai rage ba. Lauban ba ya jin Hausa, amma ya ga biro ya dawo. Ya raka mu har mota yana murmushi, bai ce wa Kallamu komai ba.

Bai kuma taɓa ce masa komai ba. Ba faɗa, ba kora. Kullum Kallamu zai je, a ce yau babu ɗaukar bidiyo, ya zauna a benci har yamma. In ya tambayi hatimi sai a ce Lauban ya yi tafiya. Malam Ilu kuwa wani ɗan Zinder ya kai shi wata masana'anta, ya sa aka jefa inji a kogi aka gwada a gabansa tun safe har azahar. Ɗaurin kayan ma wani ya ba, ba ni ba, kuma ban ga laifinsa ba. Ranar da zai tafi ya hau har hawa na shida ya ajiye wa Kallamu ƙullin kuka da daddawa a bakin ƙofa, bai ƙwanƙwasa ba.

Saura kwana biyu takardar ta mutu na ɗaure wa maƙwabcina kaya. Shekara tara a ƙasar Sin, kwali ɗaya da akwati. Na ce, "Bawana, ko akuyar ruga in za ta ƙaura ta fi ka kaya."

Ya ce, "Ɗaure da kyau, ɗan Fillo. In ya kwance a hanya har Kano zan sa a kamo min kai."

Ya tafi ranar Talata. Na ɗauka shi ke nan, ya fita.

Bayan wata biyu wani ɗan Kantin Kwari ya kama ɗakinsa. Ina kwance da rana sai na ji muryar Kallamu ta bango. Kafin in yi tunani har na buga katakon sau uku. Na zagaya, na tarar da sabon maƙwabcin yana kallon waya. Ga Kallamu nan cikin shadda, a wata gona da bai taɓa takawa ba, bakinsa yana motsi kaɗan ba daidai ba. Su Lauban sun tara tsofaffin bidiyonsa sun ba na'ura, ta koyi fuskar da muryar. Ya dafa inji ya ce, "Wallahi, shekarata goma ina ban ruwa da shi. Wallahi bai taɓa ba ni kunya ba." Akwai na Faransanci ma, don mutanen Nijar.

Na tura masa. Kwana uku bai amsa ba, sannan ya aiko da saƙon murya. Ya ce ya riga ya gani, autarsa ce ta nuna masa. Ya ce ya je gidajen rediyo biyu a ba shi minti biyar ya faɗa wa jama'a ba shi ba ne, ɗaya sun ce sai ya biya kamar talla, ɗaya sun ce ya dawo wani mako. Ya ce ranar Juma'a wani dattijo ya tare shi a bakin masallaci a kan inji, shi Kallamu ya rantse masa cewa wancan na cikin waya ba shi ba ne. Dattijon ya ciro wayar ya kunna, ya riƙe ta kusa da fuskarsa, ya ce to ga rantsuwa biyu, wacce zai ɗauka.

Yanzu Fasuma ce ke zuwa kasuwa. Shi yana gida, in an yi sallama sai auta ta leƙa ta ga ko waye.

Na aika masa cewa in ya gaji ya zo rugarmu, akwai shanu suna neman bawa, kuma su ba sa kallon waya. Ya ce zai duba, bayan sallah.